A Ina Za Ka Ajiye Dodo?

A wannan watan zan ɗan kauce daga sharhin fim da muka saba, in kai ka wani fage da ke maƙwabtaka da fim, wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Ka yi haƙuri ka biyo ni, domin a ƙarshe za ka ga ashe gida muka dawo.

In ka kalli shirin Stranger Things wanda ya fara fitowa a 2016, za ka tuna cewa tun a farkon kashi na ɗaya an nuno wasu yara maza su huɗu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa sun kewaye teburi. Ɗaya yana ba da labari yana sassauta murya, sauran ukun sun zazzaro ido suna gardamar abin da za su yi kafin dodo ya iso. Abin da suke yi wasa ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Daga shi ne aka samu ɗimbin wasanni irinsa, waɗanda a nan zan riƙa kira wasan labari na teburi.

Ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna. Ɗaya shi ne jagora: shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne kuma duk wani da za a ci karo da shi a cikin labarin, tun daga mai gadi har dodon kansa. Sauran kowa zai ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, da sunansa da sana'arsa da abin da ya iya, duk a rubuce a takarda. Jagora zai ce, "Kun iso ƙofar gidan, a kulle take, amma akwai haske a tagar sama." Kai kuma ka ce, "Zan haura katanga." Sai a jefa ƙwaya irin ta lido a ga ko ka haura lafiya ko ka faɗo ka karye. Babu kyamara, babu maganganun da za a haddace, kuma ba wanda ya san yadda labarin zai ƙare, har shi jagoran. Wani labarin a dare ɗaya ake gama shi, wani kuwa a ɗauki watanni ana haɗuwa duk mako, kamar shiri mai dogon zango.

A cikin waɗannan wasanni akwai reshe guda na ban tsoro. Duk wanda zai ja irin wannan labari a karon farko, da mutanen da su ma ba su taɓa yi ba, tambayar da ke fara tare shi ita ce: a ina zan ajiye labarin? A wane gari, a wane zamani? Wato abin da 'yan fim ke kira lokeshin. Da farko na ɗauka tambaya ce ta dabara kawai, irin ta zaɓen gidan da za a ɗauki fim. Sai da na yi ɓarna da hannuna sannan na gane ashe akwai haƙƙi a cikinta.

RANAR DA NA YI KUSKURE

Hutun babbar sallah ne, mu biyar, abokai tun zamanin difloma, muna zaune a zauren gidan ɗayanmu an ɗauke wuta. Na riga na karanta dokokin wani wasa a waya, na ce su bari in gwada musu wani abu. A lissafina na mai sharhin fim, tsoron da ya fi kama mutum shi ne wanda ya fi kusa da shi. Saboda haka sai na zuba su cikin motar haya da daddare, a wata hanya da ta ratsa daji, na sa direba ya taka birki don an gicciya itace a kan titi, na sa fitilu suka fara haskowa daga cikin duhu. Niyyata can gaba in bayyana cewa masu fitilun ba mutane ba ne. Ban kai wurin ba.

Uku daga cikinsu sun shiga labarin sosai, ana ta shewa, wannan ya ce zai ɓuya ƙarƙashin kujera, wancan ya ce zai fasa taga. Na huɗun kuwa, wanda ya fi kowa barkwanci a cikinmu, sai ya yi tsit. Ni kuma gogan naka sai daɗi ya kama ni, na ce a raina lallai labari ya shige shi. Can ya miƙe ya ce, "Mutumina, bari in je in dawo." Bai dawo ba. Bayan fitarsa mai gidan ya dube ni ya ce, "Kai fa ba ka kyauta ba. Ba ka san yayansa ya yi makonni a hannun masu garkuwa ba? Sai da suka sayar da gona."

Na ji ƙishin-ƙishin cewa gidansu sun shiga wani hali, amma ban taɓa zama na tambaye shi ba. Washegari na je na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba, ba komai, ai ba da gangan ka yi ba. Sai dai kai labari kake bayarwa, ni kuwa ƙarar wayar Baba nake ji, lokacin da suke kira." Har yau wannan magana tana dawo mini.

TSORO IRI BIYU NE

Wai shin me ya sa ɗan Adam ke biyan kuɗinsa don a tsorata shi? Mutumin da zai tsallake titi don gudun kare, shi ne zai nemo fim ɗin ban tsoro ya kashe fitila ya kalla. Amsar da ta fi kwanta mini ita ce, tsoro iri biyu ne. Akwai wanda kake ji alhali wani sashe na zuciyarka ya san kana cikin aminci. Gaba ya faɗi, tsigar jiki ta tashi, daga baya a yi dariya. Akwai kuma wanda ke tono abin da ya taɓa samunka da gaske. Wannan ba ya ƙarewa da dariya, bin ka yake yi har shimfiɗa. Na farkon nishaɗi ne. Na biyun cutarwa ce, ko da wanda ya jawo ta bai nufa ba.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Ka tuna yadda ake mana tatsuniya da daddare. Kaka ba ta faɗa wa labari kai tsaye, sai ta fara da "ga ta nan ga ta nanku", mu kuma mu amsa, wato mun yarda, mun ba da izini. In ta gama sai ta rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san an dawo duniyar gaske. Sannan ka lura da inda take ajiye Dodo: a "wani gari", ko a bakin wani rafi da ba a faɗi sunansa ba. Ba ta taɓa cewa yana gidan wane da ke bayan layinmu. Kuma idonta yana kan fuskokinmu. Da ta ga autan cikinmu ya fara ɓata baki zai yi kuka, sai ta jawo Gizo ya yi wata wauta a kwashe da dariya.

To, zaɓen fagen labari shi ne auna wannan tazara. In ka kai labari nesa ƙwarai ba wanda zai damu da shi, in ka matso da shi kusa ƙwarai sai ka taka wani a inda yake ciwo. Kuma abin ya fi tsanani a teburi fiye da a fim. Mai kallon fim yana iya rufe ido, ko ya tura gaba, ko ya kashe gaba ɗaya, kuma abin da yake gani wani ne yake samu, wato jarumin. A teburi kuwa da bakinka kake cewa "ni": ni na buɗe ƙofar, ni aka kama. Ga kuma kunya. A cikin abokai, musamman mu maza, wa zai buɗi baki ya ce abin nan ya taɓa ni, a ce masa rago? Gara ya haɗiye, ko ya ce bari ya je ya dawo. Wanda bai taɓa yin wasan ba ma bai san yana da damar cewa a tsaya ba. Shi ya sa nake ganin jagora amana ya ɗauka, kamar direban da fasinja suka yi barci a motarsa.

ABIN DA MASU WASAN SUKA GANO

Wasan ban tsoro da ya fi suna shi ne Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara, kamfanin Chaosium ya buga a 1981. An gina shi a kan labaran marubucin nan ɗan Amurka H. P. Lovecraft, wanda ya rayu daga 1890 zuwa 1937. A cikinsa ba jarumi kake zama ba. Ɗan jarida ne kai, ko likita, ko malamin jami'a, ko ɗan sandan ciki, a Amurkar shekarun 1920. Kowace fasaha da ka iya tana da maki cikin ɗari, ka jefa ƙwaya, in lambar da ta fito ba ta wuce makinka ba ka yi nasara. Akwai kuma makin hankali: duk sa'ad da mutuminka ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba sai makin ya ragu, in ya ƙare ya zautu ya fita daga labari.

Labarin da aka fi fara koya wa sababbi da shi a wannan wasa shi ne The Haunting, kuma tun bugun farko yake tare da wasan. Mai gida ne a birnin Boston ya ɗauke ku haya ku gano abin da ke damun wani gidansa da masu haya suka gamu da masifa a ciki. Ku je ma'ajiyar jaridu, ku je ofishin adana takardu, sannan ku shiga gidan. Shi ke nan. Me ya sa ya yi shekaru sama da 40 yana aiki? Saboda wurin ƙarami ne, mutum yana iya riƙe shi a ka: ƙasa, sama, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Saboda sabon ɗan wasa ba ya bukatar karanta tarihin wata duniya kafin ya san abin da zai yi; kowa ya san yadda ake buɗe ƙofa da yadda ake gudu. Saboda kuma zamanin yana da mota da jarida da bindiga, abubuwan da muka sani, amma babu wayar salula da za a kira agaji, kuma ya yi nisan da ba wanda ke teburin da ya rasa ɗan'uwa a cikinsa.

Masu kallon fim ba za su yi mamakin wannan ba. Night of the Living Dead na 1968 kusan duk a gidan gona ɗaya aka yi shi. The Evil Dead na 1981 matasa biyar ne a wata bukka cikin daji. Alien na 1979 mutum bakwai ne a jirgin sama jannati da babu inda za a gudu. Finafinan 'yan gidan Ramsay na Indiya, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, yawanci tsohon gida ne ko kango. Da yawa ƙarancin kuɗi ne ya tilasta musu ƙuntata wuri, sai kuma ya zama alheri, domin tsoro ya fi kauri a wuri matsattse.

Akwai fagagen da suka yi kyau amma ba na ɗan koyo ba ne. A wannan wasa dai akwai dogon labari mai suna Masks of Nyarlathotep na 1984, wanda ke yawo da 'yan wasa daga Niyok zuwa Landan da Alƙahira da Kenya da Shanghai. Watanni ake yi ana bin sa, kuma jagoran da bai ƙware ba ɓacewa zai yi a hanya. Vampire: The Masquerade na 1991 kai ne ma dodon, mai shan jini, a cikin duniyar da ke cike da dangogi da siyasa da sunaye masu yawan haddacewa, nauyi ne babba ka ce wa wanda yau ya fara ya zama mugu kuma ya ji zafin muguntarsa. Ravenloft kuwa, wanda ya fara fitowa a 1983 a matsayin labari cikin Dungeons & Dragons, yana da fadar mai shan jini da hazo da duk kayan ban tsoro, sai dai 'yan wasa suna riƙe da takubba da sihiri, kuma mai takobi a hannu faɗa yake tunani kafin tsoro.

Ga wanda ya taso da kallon fim, wasan Alien da kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya fitar a 2019 yana da sauƙin shiga, tunda ya riga ya san jirgin da abin da ke cikinsa. A nan duk sa'ad da hankalin mutuminka ya tashi sai a ƙara maka ƙwaya: damar nasara ta ƙaru, amma haɗarin firgita ma ya ƙaru. Akwai Dread, wanda ba ƙwaya a cikinsa sam, sai hasumiyar katako ta Jenga: duk abu mai haɗari da za ka yi sai ka zare katako ɗaya, wanda ta rushe a hannunsa mutuminsa ya fita daga labari. Akwai kuma Ten Candles na 2015, da ake yi a hasken kyandir goma ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma tun farko an gaya wa kowa cewa ba mai tsira. Ka lura da wannan: an gaya musu tun farko.

FAGEN MA YANA DA NASA TARIHI

Kada ka ɗauka da ka kai labari Amurkar 1920 ka tsira daga tambayar haƙƙi. Lovecraft ya iya gina tsoro, amma mutum ne mai tsananin wariyar launin fata, kuma abin ya fito fili a rubutunsa. A labarinsa The Horror at Red Hook da ya rubuta a 1925, baƙin haure da ke wata unguwa a Niyok su ne abin ƙyama. A wasu labaran nasa baƙar fata da mutanen gabas su ne masu bautar dodanni. Kai da ni, mai karatu, da muna cikin waɗannan labarai, a layin dodanni za a sa mu. Marubuciya Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, da ta ci lambar World Fantasy a 2011, gunkin kan Lovecraft aka miƙa mata, kuma ta rubuta yadda abin ya dame ta. A 2015 masu lambar suka sanar da daina amfani da wannan gunki.

Masu wasan ba su watsar da fagen ba, gyara shi suka shiga yi. A 2017 wani baƙar fata mai suna Chris Spivey ya fitar da Harlem Unbound, inda ya mayar da wasan unguwar Harlem ta baƙaƙen fata a wancan zamani, su ne masu binciken, su ne jaruman. Darasin shi ne, duk fagen da ka aro, ka duba wa aka mayar dodo a cikinsa, kuma me ya sa.

Akwai misalin da ya fi wannan muni. A 2018 kamfanin White Wolf ya fitar da wani littafi na wasan Vampire inda aka ɗauki gallazawa da kisan da ake yi wa wasu mutane a Checheniya, abin da ke faruwa da gaske a lokacin, aka mayar da shi wata dabara ta masu shan jini a cikin labari. Aka yi ca a kansu. A watan Nuwamba na shekarar uwar kamfanin, wato Paradox, ta dakatar da sayar da littafin, ta cire wannan ɓangare, ta kuma karɓe ragamar daga hannunsu. Abin da suka yi a idon duniya shi na yi a zaure: ɗaukar hawayen da bai bushe ba a yi ado da shi.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Na san wani zai ce, haba malam, in ka tsaya tambayar mutane me suke tsoro da me ba sa so, ai ka kashe wasan. Tsoro ba shammata ba ne? Wannan magana tana da ƙarfi, amma Alfred Hitchcock ya daɗe da amsa ta da misalinsa na bam a ƙarƙashin teburi. In mutum biyu suna hira bam ya tashi ba zato, 'yan kallo za su razana na 'yan daƙiƙu. In kuwa an nuna musu bam ɗin da agogonsa tun farko, sai su yi mintuna zuciya na dukan uku-uku. Sani ba ya kashe tsoro, sau da yawa ma shi ke ciyar da shi. A Jaws na 1975, kifin roba da aka ƙera ya riƙa lalacewa, dole Steven Spielberg ya rage nuna shi sai can fim ya yi nisa, kuma kowa ya san akwai kifi a ruwan, amma ba wanda ya zauna lafiya a kujerarsa.

Bugu da ƙari, wanda ya amince da kai ya fi sakin jiki. Yaron da ubansa ke cilla shi sama yana ƙyalƙyala dariya ne saboda ya san za a cafe shi. Baƙo ya gwada ka ji ihu. Shi ya sa masu wasan suka fito da dabaru. Ron Edwards a 2003 ya kawo batun layi da labule: layi shi ne abin da ba zai shigo labarin ba ko kaɗan, labule shi ne abin da zai iya faruwa amma ba za a tsaya bayyana shi ba, kamar yadda darakta ke yanke hoto ya koma wani wuri. John Stavropoulos kuma ya kawo kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar teburi, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa katin a wuce wurin, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Da akwai irin wannan kati a zauren nan, da abokina bai bukaci ƙaryar zai je ya dawo ba.

Wani kuma zai ce, to ai wannan ragwanci ne. Manyan finafinan ban tsoro ciwon al'umma suke taɓawa. Get Out na Jordan Peele da ya fito a 2017 kan wariyar launin fata yake magana, har ya ci Oscar ta rubutun labari. In muka ce kullum a kai dodo nesa, yaushe za mu fuskanci namu? Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na cewa kada a taɓa ciwo har abada. Amma ka duba bambancin. Peele ciwon da ya sani a jikinsa ya ɗauka, ya yi shekaru yana sassaƙa shi, kuma duk wanda ya shiga silima ya ga talla ya san abin da ya zo kallo. Ni kuwa ciwon wani na ara, cikin minti goma, don in burge abokai, ba tare da na gaya wa kowa inda za mu ba. In wata rana abokina da kansa ya ce yana so a yi labarin wannan hanya don ya fuskance ta, wannan zaɓinsa ne, kuma sai bayan mun saba da wasan mun san juna a cikinsa. Ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi.

IN AKA CE A KAWO SHI GIDA FA?

Ga wata tambayar da dole ta taso. Me zai hana mu bar Boston mu yi da namu, aljanu da mayu da fatalwa? A Suwidin an yi haka: wasan Vaesen na 2020 ya ɗauki halittun tatsuniyoyin ƙasashensu ya zuba su a ƙarni na 19. Amma su a wurin yawancinsu waɗannan halittu sun zama labarin da. Mu kuwa aljanu ba ƙage ba ne a wurinmu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, kuma da wuya ka tara mutum biyar ba ka samu wanda wani nasa ya yi fama da abin da aka danganta da iska ba. Maita ta fi haɗari. Zargin maita a kan mutum na gaske yake sauka, yawanci tsohuwa marar gata, a ƙaurace mata, wani lokaci har a kai ga duka. In ka ajiye mayya a unguwarku, ko ba ka ambaci suna ba, 'yan wasanka za su ba ta fuska, kuma gobe da safe za su wuce ta ƙofar gidanta.

Saboda haka in za ka kawo shi gida, yi irin ta Kaka: ƙirƙiri gari, ƙirƙiri dodo. Manyan marubutan ma haka suke yi. Arkham na Lovecraft babu shi a taswira, haka Derry na Stephen King, haka Haddonfield na jihar Illinois da aka nuna a Halloween na 1978. Sai kuma batun ƙwaya. Babu kuɗi ko caca a wannan wasa, amma malamai suna da magana a kan wasa da ƙwaya, kuma fagensu ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kada a matsa masa. Ga Dread nan da ba ya bukatarta.

Bayan wata biyu mun sake zama, mu biyar ɗin dai. Wannan karon kafin in buɗe baki na ce kowa ya rubuta a 'yar takarda abin da ba ya so ya ji, ba suna, a ninke a ba ni. Ɗaya ta ce ban da asibiti. Ɗaya ta ce ban da cutar da yara. Ɗaya kuma ta ce ban da hanya da daji, na san mai ita, ban dube shi ba. Na ajiye su a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a garin da babu shi, a shekarun 1930, jirgi ya lalace, ruwa na zuba, ga agogon tasha yana tafiya da baya. Dare ɗaya, wuri ɗaya, mutane talakawa. Abokina shi ya zama mai duba tikiti, kuma shi ya fi kowa ihu da ƙofar ɗakin kaya ta buɗe da kanta. Da muka gama na ce ƙurunƙus, aka kawo shayi, muka yi ta yi wa juna tsiya har tsakar dare.

Shawarata ga duk mai son gwadawa ke nan: ka fara da wuri ƙarami da labarin dare ɗaya, a zamani ko garin da ba wanda ke zaune da kai ya bar wani nasa a ciki, ka tambaya kafin ka fara, kuma idonka ya kasance a kan fuskoki fiye da takarda. Mutumin da ya yi tsit ba lallai ne daɗi yake ji ba.

Ga 'yan'uwana marubuta da masu shirya finafinai kuma, ku ma teburi kuke jagoranta, sai dai naku ya fi faɗi, kuma ba kwa ganin fuskokin waɗanda ke zaune. Kafin ka sa garkuwa da mutane ko zargin maita a fim don kasuwa, ka tuna akwai gidan da za a kunna shi alhali wayar Baba ba ta daɗe da daina ƙara ba. Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.